A Kwance Ake Yi

Yaya Guilan,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya a Linxia. Yaya ƙafar Baba?

Ni lafiya lau, tsayuwar gidan taliyar da nake aiki ma na saba da ita. An auna mana taurin jijiyoyin jini, wai mai matsala za a sallame ta. Na ji kunyar miƙewa a gado gaban likita namiji, na ce a yi mini a zaune. Na'ura ta ce jijiyoyina na 'yar shekara tamanin ne.

Nas ta ce, "Goggo, kakarki kika turo mana? A kwance ake yi."

Na kwanta, awo ya yi kyau, aikina na nan. Sai dai da ƙyar suka tashe ni, wai har da minshari. Astagfirullah. Tun zuwana Shanghai ban sami barci irinsa ba.

A sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Xiumei