Ƙararrawar da Na Ɗaura wa Barewarka

Daga ƙanwarka Wasila, a Kekun Waje, zuwa ga Yaya Sahabi, a wurin haƙar kuza na Bukuru.

Bayan sallama irin ta addini da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga ramin da kuke shiga, Ya sa albarka a guminka. Mu nan kowa lafiya. An gama shigar da gero da dawa rumbu, Baba ya ce bana ba mu da abin faɗa sai godiya. Ciwon ƙafar Inna ya yi sauƙi tun da aka yi mata ƙaho. Kaka Tambaya tana nan da bakinta, ta ce in ka dawo ba turmin zanenta to ka wuce kawai, ta sake miji. Na ba Malam Bawa takardar ya kawo maka da ayarinsu. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ban yi nisa ba.

Yaya, maganar barewarka ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma na fi kwana bakwai ina ɗauka ina ajiyewa. Ka tuna ranar da ka ƙwace ta daga bakin karnukan mafarauta bayan sun kashe uwarta, ka shigo da ita cikin rigarka tana rawar jiki, na riƙa ba ta nonon akuya da tsumma har ta miƙe. Ka tuna kuma da za ka tafi ka ce amana ce a hannuna, in riƙe maka ita har ka dawo. To ban riƙe ba. Ba ta gidan nan, kuma ni na fitar da ita.

Da rani ba ta da damuwa, tana yawo a tsakar gida, tana sa kai cikin ƙwaryar Inna. Da shuka ta fito aka yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, sai muka kafa mata turke kusa da awaki. Akuya in ta ja igiya sau biyu sai ta haƙura ta kwanta. Ita ba ta taɓa haƙura ba. Ta yi ta fizga har fatar ƙafarta ta saɓule, na mayar da igiyar ɗaya ƙafar, ita ma ta saɓule. Ta rage cin harawa, sai ta tsaya ta zuba wa danga ido. Kaka Tambaya ta sa mani suna Yari, in na wuce ta tambaye ni yaya mutanen gidan kaso suka kwana. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, amma abin yana cina. Wata rana ta ce, ba da wasa ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mu kuwa ko rarrafen mun hana wannan. Na tambayi Baba, ya ce amanarka gaskiya ce, amma dabba ma tana da hakki, kuma wanda ya ɗaure ta shi za a tambaya, in duba da kaina.

Da aka kawar da amfanin gona, ranar da mata suka fita itace, na ja ta har bayan fadama na kwance ta. A nan na yi wautar. Ka san a wajenmu maharbi in ya ga dabba da abin wuya ba ya sakin kibiya, ya san tana da mai ita. Sai na cire 'yar ƙararrawar tsohuwar akuyar Inna, na sa ta a jar fata, na ɗinke mata a wuya da kyau don kada ta faɗi. Na koma gida ina jin na yi dabara, har ina yaba wa kaina.

Bayan kwana ashirin Rakiya, matar Manu mai shanun nan, ta kawo nono. Ina bayan zana ina tankaɗe na ji tana ba Inna labari. Ta ce Manu yana ganin wata barewa mai ƙararrawa a dajin yamma, duk lokacin da ta hango 'yan uwanta sai ta ruga wurinsu, su kuwa da sun ji ƙarar sai su watse, tana binsu suna ƙara gudu. Ta rame, ta koma bin shanunsa daga nesa. Wai Manu ya ce duk wanda ya yi wannan aiki ya naɗa ta sanƙira ne, tana yawo tana sanar da kura inda abinci yake. Inna kuwa duk zatonta ƙararrawar akuyarta ɓata ta yi. Garin neman gira na rasa ido, Yaya. Abin da ya fi damuna shi ne ban fito na ce ni ce ba. Kunya ta riƙe bakina kwana biyu cur, ina ci ina sha, ita tana can da abin da na ɗinka mata.

A rana ta uku na durƙusa na faɗa wa Baba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mani sauƙi. Ya ɗauki wuƙarsa kawai ya ce in wuce mu tafi. Manu ya kai mu wurin da hantsi. Na yi mata irin kiran da nake yi in zan ba ta dusa, sai muka ji ƙararrawar tana tahowa daga cikin sabara. Ta fito tana ɗingishi, da sawun haƙori a cinyarta, ta zo ta sa hanci a tafin hannuna tana neman kanwa. Baba ya riƙe ta, ni na yanke fatar.

Da muka juya sai ta biyo mu. Manu ya ce in dai tana bin mutum haka, ƙarshenta tukunya, kuma ba wanda zai kore ta ta ji sai wadda ta saba da ita. Baba ya dube ni. Na ɗebi hoge na jefa gefenta, ba ta motsa ba. Na sake jifa ina yi mata tsawa da muryar da ban san ina da ita ba, har ɗaya ya same ta a haƙarƙari. Ta tsaya ta dube ni, sannan ta juya ta yi tsalle, irin tsallen da ban taɓa ganin ta yi a gidanmu ba.

Shekaranjiya Rakiya ta ce Manu ya hango barewa huɗu a bakin rafi, ɗaya tana ɗingishi a baya, amma ya ce ba zai rantse ita ce ba. Iyakar abin da na sani ke nan, ba zan ƙara maka da abin da ban gani ba. Ka yafe mani amanarka da na saki ba da izininka ba. Laifin ƙararrawa da na kwana biyun nan ba kai ne mai yafewa ba, shi nake roƙon Allah kullum. In ka yi fushi ka aiko mani da faɗan ta hannun Malam Bawa, zan karɓa, kada dai ka yi shiru.

Baba da Inna suna sa maka albarka. Kaka Tambaya, Kawu Labbo da Inna Yelwa suna gaishe ka. Ka gaida Mas'udu da kuka tafi tare, ka ce mahaifiyarsa tana lafiya. Allah Ya dawo mana da kai.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Wasila