Kwalbar da Aka Kai wa Inna

Ringim, 3 ga Rajab

Ƙanena Muttaka,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarmu Khalida. Na ba Hajiya Kabira takardar nan da za ta zo Umara, don ka san wayar gidan nan a kunnen Inna take kwana, ba a sirri da ita.

Jikin Inna ya ƙi daɗi. Tari ne, abinci ma sai an yi da gaske. Abu ɗaya take nema, zumar Makka. Ta ce in ja maka kunne, ban da ta kanti wadda ake cikawa da sukari. Wadda ƙudan garin Manzo suka yi take so, ka ɗebo da hannunka. Na ce, "Inna, Makka fa duwatsu ce, ina aka ga amya?" Ta ce wanda ya gaji Baba a ɗiban zuma ba zai rasa ba. Shekara goma sha ɗaya rabonta da kai, ko tazbaha ba ta taɓa roƙonka ba. Ka san yadda za ka yi.

Yayarka, Ɗaso

Aziziyya, Makka, 15 ga Rajab

Yaya Ɗaso,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ga kwalba nan a hannun Hajiya, cokali ɗaya safe da yamma. Allah Ya sa a dace. Ki ce Inna ta yafe mini.

Muttaka

Ringim, 28 ga Rajab

Muttaka,

Gaisuwa da sa albarka. Wannan wace irin wasiƙa ce, kamar ana korarka? Kuma yafiyar me kake nema, kai da ka fitar da mu kunya?

Da ka ga Inna ranar! Ta rungume kwalbar tana hawaye. Harshenta ya daina jin ɗanɗano tun bara, amma ta rantse har ƙafarta ta ji ta. Yanzu tana shan kunu, tana zama a ƙofar ɗaki. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ɗaga masa kwalbar ta ce, "Ɗana ne ya hau dutse ya ɗebo." Na ga zumar ta yi duhu, na ce ko furen can ne haka.

Allah Ya yi maka albarka.

Ɗaso

Aziziyya, 10 ga Sha'aban

Yaya Ɗaso,

Salamu alaikum. Ki karanta wannan ke kaɗai. Tunda takardarki ta zo ban ci abinci da daɗi ba.

Abin da ke cikin kwalbar nan ba zuma ba ce.

Zuma kam na samu. Gidan alhazan da nake gadi ba kowa cikinsa sai lokacin Hajji, ƙudan zuma suka yi saƙa cikin wani tsohon tanki a saman bene. Da na gan su na ce Allah ne Ya amsa wa Inna. Na yi yadda Baba ya koya mini, na naɗe tsumma a sanda, na kunna wuta na cusa. Amya tana da inda za su fita su tsira. Tankin nan baki ɗaya gare shi, ni kuma a nan na tsaya da wuta. Yaya, ban bar ko ɗaya ba. Da na leƙa, gawarsu ta kai tudun hannu, wasu na motsi fukafukai a ƙone.

Na kai saƙar gida a bokiti ina murna. Khalida, ke kin san a nan aka haife ta, ta dubi saƙar ta dube ni ta ce, "Haram alaik, ya Muttaka! Fen ka yi wannan?" Na ce Aziziyya. Ta ce, "Cikin iyakar Harami? Inda ko tattabara ba a kora, ko ciyawa ba a cirewa?" Ta ce masu kiwon zuma a Ɗa'if hayaƙi kawai suke sawa, su ɗiba su bar musu rabonsu. Na tambayi limaminmu, ya ce Annabi ya hana kashe ƙudan zuma a ko'ina ne, balle a nan. In tuba kawai.

Ta yaya zan aika wa marar lafiya wannan da sunan albarka? Na binne saƙar a bayan gida. Na shiga kanti in sayi wata, na kasa, na fito. Khalida ce ta dafa dabino ta tace, abin da suke kira dibis, kamar maɗinmu. Ta ce, "Ka rubuta musu gaskiya." Na ce to, ban rubuta ba.

Yanzu uwata tana yabona a gaban mutane kan kisa da ƙarya. Ki faɗa mata, Yaya. Gara ta zage ni tana da rai.

Ƙaninki mai laifi, Muttaka

Ringim, 24 ga Sha'aban

Muttaka,

Salamu alaikum. Allah Ya ba mu haƙuri. Takardarka ta iso ranar sadakar uku.

Abin da ban faɗa maka a waya ba shi ne, da numfashinta ya fara sama ta nuna kwalbar. Ni na ɗiga mata a harshe da yatsana. Ta ambaci sunanka, sannan ta yi shahada.

Ban yi fushi ba, kuka na yi. Na ƙona takardar, ba wanda ya gani.

Amma rabin kwalbar yana nan. Ta bar wasiyya a raba wa marasa lafiyan unguwa. Mata huɗu sun riga sun aiko da kofuna, na ce su dawo ran Juma'a.

Me zan ce musu?

Yayarka, Ɗaso