Numfashin Ladan

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
A kiran azahar numfashi ya yanke mini. Ƙirjina na ta kuka a lasifika, rabin Aliero sun ji. Surajo tela ya karɓa ya ƙarasa. Shekara ashirin da shida ina ladanci, ban taɓa barin kira a tsakiya ba.

Alhamis, 10 ga Yuli
Ɗiyata Fadila ta zo daga Maiyama ta kai ni asibiti Jega. Likita ya ce asma ce, kuma tabar da na bari tuntuni ta ɓata huhu. An ba ni abin shaƙa, magani biyu a cikinsa: ɗaya na buɗe hanyar iska, ɗaya na kwantar da kumburi. Safe da yamma, ko lafiyata lau. In fitar da iska, in shaƙa, in riƙe in ƙirga goma, sannan in kurkure baki in zubar. Sau uku ya sa na gwada gabansa, Fadila na kallo.

Asabar, 19 ga Yuli
Na taka har masallaci ban tsaya hutawa ba.

Laraba, 30 ga Yuli
Murya ta dushe, harshe ya yi fari. Kurkurar ce ban yi, na ɗauka tsirfar likita ce. Ladan da ba murya me ya rage masa? Na jefa abin a aljihun tsohuwar riga. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 12 ga Agusta
Jiya ciwon ya kayar da ni a gona. A babur aka kai ni asibiti. Fadila ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Ta lalubo abin, ta duba lambar ƙirgen shaƙa da ke jikinsa, ta ce, "Baba, kwana goma sha biyu ba ka taɓa shi ba." Na ce muryata yake ci. Ta ce, "Muryar da mi za ta fita in babu numfashi?"

Likita ya ba ni maganin bakin. Sannan ya miƙo mini kofin ruwa.

Lahadi, 24 ga Agusta
Buta na nan kusa da abin shaƙar yanzu. Shaƙa, goma, kurkura. Matata Kande ta ce ina yi kamar alwala.

Juma'a, 5 ga Satumba
Murya ta dawo, ba duka ba. Na yi asuba da magariba. La'asar na bar wa Surajo, don dai ya saba. Yana jan madda fiye da kima, zan gaya masa.

Ina zaune kan tabarma ya fara, sai na ji bakina yana amsawa, kalma bayan kalma. Na manta rabon da in amsa wa wani kiran salla.

Gobe ma shi zai yi.