Ɗigon Magani a Watan Azumi

Zongo, Kumasi

Yaya Mukhtari,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka a Tamale.

An yi wa Baba aikin ido ranar Talata a asibitin da ke Bantama. Likita ta ce kumburin nan da ya daɗe yana sa idonsa ja shi ya toshe hanyar ruwan ido, ruwan ya taru yana danne jijiyar gani. Haka ganin idonsa na hagu ya tafi. Yanzu sun buɗe wa ruwan 'yar ƙofa a na dama. Jiya ya gane zanen da na ɗaura, har ya ce bai yi mini kyau ba!

Sai dai dole a ɗiga masa magani duk bayan awa biyu, in ba haka ba ƙofar ta rufe. Ga azumi ya ƙarato, shi kuma yana jin ɗacin maganin a maƙogwaro. Ya ce sai abin da ka ce, tunda kai ka yi karatu. Don Allah ka sauƙaƙa.

Ƙanwarka,
Fadilatu

*

Fadilatu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, abin da ya kai maƙogwaro ya karya azumi. A ɗiga masa bayan shan ruwa da lokacin sahur. Shekara sittin bai sha azumi ba, ba za a fara da bakina ba. Likita ido ta sani, ba addini ba. Ki rage firgita, halinki ne tun kina ƙarama.

Wassalam,
Malam Mukhtari Alidu

*

Yaya,

Barka da Salla.

Na roƙi Baba ya sha azumin ya rama, tunda marar lafiya ne. Limanmu ma ya tako har gida ya gaya masa haka. Baba ya runtse ido ya ce, "Ɗana ya riga ya yanke, kar ku dame ni kuraa, ko kaɗan."

Ƙofar ta rufe. Likita ta duba, ta ajiye fitilarta, ta tambayi wanda ya hana maganin. Na ce ni ce na riƙa mantawa. Har yau haushin kaina nake ji da na rufa maka asiri. Ni na riƙe hannun Baba zuwa filin Idi, rana tsaka yana tambayata ko hadari ne ya haɗu.

Ka huta lafiya.
Fadilatu

*

Yaya,

Salamu alaikum. Na ga takardarka, ka ce ƙaddara ce.

Baba ya ce in gode maka, azuminsa ya cika talatin. Na rubuta ne don shi ya sa ni. Ba zan ƙara karanta masa takardarka ba. In kana da magana ka zo ka faɗa masa da bakinka. Kada ka ji kunya, ba zai ga fuskarka ba.

A gaida gida.
Fadilatu