Fuskar Shugaba a Dumega

Kwatano, ranar Laraba

Ƙanwata Rahina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya damina? Geron gonar Baba ya fitar da kai?

Ni lafiya lau. Gadin ƙofar otel bai da wuya ga tsohon daraktan lakwal, wato makarantar boko, irina, sai dai gwiwa. Idan rana ta take nakan yi gyangyaɗi, in ga kaina a kasuwar Dumega, takardun ƙuri'a na sauka bisa rumbuna kamar balbelu, jama'a na jiran motar Shugaban jam'iyyarmu, inuwa na ta tsawo.

Kin ce ɗanki Nazifi zai ja zanga-zangar "A'a" a Tibiri kafin ƙuri'ar raba-gardama, wai Shugaba zai zo ya tsaya gabansu. Rahina, ba zai zo ba. Sati uku ke nan yana otel ɗinmu. Muryar nan da yake aiko muku ta waya, a bakin tafkin wankan otel yake ɗaukarta. Shekara goma na rubuta masa jawabi, jiya na buɗe masa ƙofa ya ce, "Sannu, gardi."

Don Allah ki riƙe Nazifi. Ya jefa ƙuri'arsa ya koma gona, kada ya tari jandarmomi saboda murya.

Zanen jam'iyya mai hotonsa da na bari a akwati, ki riƙa tace kunu da shi. Ko ba komai, Dumega ta ga fuskarsa.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Ɗanjuma