Kason Naduk da Na Cinye

Qaanaaq, farkon duhun bana

Zuwa ga jikana Qillaq,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya a can Kopenhagen, kai da kwalabenka. Allah ya tsare ka, ya ƙara basira. Mu nan kalau. Rana ta tafi hutunta na watanni kamar yadda take yi duk shekara, teku ya daskare, karnukan kawunka sun fi shi ƙiba. Gwiwata dai tana nan da halinta.

To, gyara zama, faɗa zan yi. Bara ka zo da abokan bincikenka, kuka ɗebi ruwan ƙanƙarar da muke narkarwa mu sha, kuka yanki kitsen naman teku, har gashin kaina na ba ka. Ka sha shayina, ka tafi. Sai a rediyo muka ji sakamako, daga bakin baƙo: wai akwai gubar zaiba a tekunmu da namanmu, hayaƙin masana'antun kudu ne iska ke kwasowa tana sauke mana. Mu da ko injin niƙa ba mu da shi. Su ji daɗi a can, mu sha dattin a nan. Ya ce masu ciki su yi hattara. Da me? Har yaya? Bai faɗa ba, aka sa kiɗa.

Ƙanwarka Naduk ta ji, ga ciki ya fara tsufa. Kafin teku ya rufe, mijinta ya kamo babban kifi mai ƙaho, aka taru a bakin ruwa ana rabo. Ka san a nan ba a mayar da kaso. Surukarta ta yanko mattak, fatar nan mai taushi, ta miƙa mata a gaban jama'a, yarinya ta ɓoye hannu cikin riga. Matar ta ce ashe naman da ya raini ɗanta ya zama guba tunda aka samu ɗan boko a gidanmu. Na ga idon Naduk ya kawo ruwa, sai na miƙa hannu na ce, "Kawo nan, ni ce mai kwaɗayin. Gubar in ta shiga ma ba za ta samu wurin zama ba." Aka yi dariya, na tauna da sauran haƙorana.

Amma ba kullum zan cinye mata kunya ba. Tun ranar ba ta taɓa abin teku ba, sai biskit da taliyar kanti, jirgin ruwan da ke kawo wa kantin kaya kuwa sai ƙanƙara ta narke. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito, surukar kuma ko gaisuwarta ba ta amsawa.

Ban ce aikinka ƙarya ne ba. Haushina shi ne ka auna ruwa, ka manta da masu shansa. Ka kira ƙanwarka, da harshenmu, ba da na takarda ba, ka gaya mata abin da za ta ci da wanda za ta bari. Kifin tafki fa? Naman barewa fa? Sannan ka kira surukar, ka sha zaginta, ka yi mata bayani.

Kawunka Sakiu yana gaishe ka. Ka gaida gwaggonka Ivalu da 'ya'yanta.

Mun riga mun yanke, in namiji Naduk ta haifa sunan marigayi kakanka zai ci, wato a al'adarmu kakan naka ne zai dawo mana. Mutumin nan bai taɓa kwana da biskit a ciki ba. Kada ka bari ya dawo da yunwa.

Kakarka,
Tukummeq