Sun Koyi Jiran Usur

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan? In har yanzu kina ƙin miƙe jikin da na koya miki, to ba ruwana.

Ni dai hankalina ba a kwance yake ba. Shugabar makarantarmu na neman karɓe darasina na motsa jiki ta ba lissafi, wai guje-guje ba ya buɗe ƙwaƙwalwa. Kin san yadda nake koyarwa: in zube wa yara igiya da tsohuwar taya da ƙwallo, in ce su ƙirƙiro wasa da dokokinsa. Akwai wata yarinya da suke kira Tsinke, kullum ita ce ta ƙarshe a jarrabawa. Ita ta kawo dokar cewa duk ɓangaren da ya ci, sai ya ba abokan karawa mai gudunsa. Yaya, har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya zauna, ba wanda ya karaya. Wannan ba kaifin basira ba ne?

Sufeto zai zo ya gani, shi zai yanke hukunci. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma tambayar lafiyar gida.

An bar mini darasin, amma kada ki yi mini barka. Tsofaffin malamai sun ja kunnena cewa sufeton ba ya son hayaniya, layi yake so. Sai na kulle kayan a sito, na yi makonni ina jera yara, hannu sama, hannu ƙasa, ina busa usur. Tsinke ta zo mini da wata sabuwar dabara, na kora ta layi. Sufeto ya yaba, ya ce a ɗore a haka. Tun ranar shugaba ta kafa kujerarta a baranda tana sa ido.

Jiya shugabar ba ta zo ba. Na fito da kayan da ɗokina, na ce kowa ya yi abin da ransa ke so. Suka jeru, suka zuba mini ido. Can Tsinke ta tambaya a hankali ko an yarda su motsa. Na ce an yarda. Ba wanda ya ɗaga ƙafa. Da shirun ya ishe ni na busa usur, suka ɗaga hannuwa sama gaba ɗaya.

Gobe ma ina da su, ban san me zan je in koyar ba.

Ki gaida mini yara.

Ƙanwarki,
Auta